Sharhin da Ya Kashe Kaka Zipora

Ni ne Bartholomew, wanda duk Kafanchan ke kira Barto. Ina ajin ƙarshe a jami'a, sashen tarihi, kuma rabona da in karanta littafi daga bango zuwa bango tun ina aji ɗaya. A lokacin abin alfaharina ke nan. Ina da manhajar nan ta AI a waya, wadda na raɗa wa suna Sakatare. Malami ya ba da littafi mai kaurin bulo, in tura wa Sakatare, kafin in shanye kofin kunu ya matse mini shi ya koma layi goma. Layi goman ma na farko da na ƙarshe nake dubawa. A makaranta har laƙabi gare ni, Farfesa Sharp-Sharp.

Da aka ba mu hutu na dawo gida da wannan ilimi, na ga bai kamata in ci ni kaɗai ba. Shagon askin maƙwabcinmu Levi na mayar ajina.

"Karatu irin na da ya mutu," na ce wa masu jiran layi. "Wanda ya zauna yana bin layi da yatsa, da shi da mai zuwa Kaduna a ƙafa duk ɗaya ne."

Levi ya kashe kilifa ya dube ni ta madubi. "To Farfesa, in mashin ne ke karatu, kai mene ne aikinka a makaranta?"

"Ina supabaizin."

"Ashe mashin za mu yi ma fati ranar giraduweshon."

Na bar shi, don bai kai matsayin da zan yi musu da shi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a hutun nan Hulda ce. An shirya mutanenmu za su kai gaisuwa gidansu da zarar an haƙe citta, amma uwarta, Mama Caroline, tsohuwar hedimistires, har lokacin kallon da take yi mini irin na mai duba kifi a kasuwa ne. Ita kuma Hulda, Allah ya yi ta da dogon rubutu. Saƙonta ɗaya sai ka ja waya ka ja, bai ƙare ba. Sai na riƙa tura wa Sakatare, shi kuma ya ce mini, "Hulda tana gaishe ka, tana kewarka, tana kuma maganar wani taro." In amsa mata, "Amin, ni ma haka." A cikin irin waɗannan saƙonni ne ta yi mini bayanin Kaka Zipora, yayar kakanta da ke zaune a Zangon Kataf, cewa ita ce babba a danginsu, ita ke karɓar gaisuwar aure, kuma za ta zo ta gan ni da idonta. Ni dai ban gani ba. Amin na ce.

Ana nan sai Mama Caroline ta gama littafinta, tarihin Zumuntar Mata ta cocinmu, mai suna Matan da Suka Ɗauko Dutse, wato dutsen da aka gina cocin da shi. Aka sa ranar ƙaddamarwa. Malamin da zai zo daga Kaduna ya yi sharhin littafin ya aiko cewa ba shi da lafiya. Ranar Lahadi bayan sujada na ji tana faɗa wa dattawa a bakin ƙofa, na ga dama ta faɗo mini daga sama. Na gyara kwala na kutsa.

"Mama, ina garin nan za a je neman mai sharhi a Kaduna?"

Ta sauke tabarau. "Za ka iya, Barto? Ya wuce shafi tamanin fa."

Na yi dariya yadda dattawan za su ji. "Mama, tamanin ai karin kumallo ne. Ku ba ni yau, gobe ku tambaye ni."

Ta zaro kwafi ɗaya daga jaka. Ta ce shi kaɗai aka ciro, sauran suna ɗaure a kwali sai ranar da Fasto zai yi addu'a a buɗe. Na karɓa da hannu ɗaya, kamar mai karɓar canji.

Shirina mai sauƙi ne. In ɗauki hoton shafuka in ba Sakatare, ya rubuta sharhi, in hau mumbari in girgiza Kafanchan, Mama Caroline ta kira ni ɗanta a gaban jama'a. Sai dai littafin ya kwana huɗu ko biyar a kan firij ina cewa gobe.

Ranar kasuwa muka yi kiciɓis da ita a layin masu doya.

"Barto, yaya littafi?"

"Na gama, Mama. Sau biyu ma."

"Kai! Wane babi ya fi shiga ranka?"

"Na tsakiya."

"Na tsakiya wanne?"

"Inda... aka sha wahala ɗin nan."

"Ai duka wahala ce."

"Shi ya sa duka ya shiga raina, Mama."

Ta dube ni, ta dubi doya, ta zaɓi doya.

Da na koma gida na ce yau sai aiki. Na ɗauki littafin na zagaya bayan gida, wajen garken aladun mamata, don nan ne kaɗai sabis ke da ƙarfi. Na ɗauki hoton bango, da jerin babi-babi, da gabatarwa, da wani shafi mai tsohon hoto baƙi da fari na wata mata da dutse a ka, da sunanta a ƙasa. A nan hannuna ya gaji. Wa ya san buɗe shafi ma aiki ne? Levi ya ƙwala mini kira cewa an fara ƙwallo, na aje littafin a kan katangar garke na tafi.

Da na dawo, babbar aladiyar mamata tana kwance tana lumshe ido, igiyar ɗinkin littafin na lilo a bakinta. Abin da ya rage rabin bango ne da sunan mawallafiya, shi ma da tambarin haƙori.

Levi ya leƙo ta katanga ya daɗe yana kallo. "Farfesa, ga wanda ya gama littafin daga bango zuwa bango. A sa masa kwat ya je ya yi sharhi."

"Kar ka gaya wa kowa."

"Ni? Ai ba na magana. Aski nake yi."

Neman wani kwafin ba zai yiwu ba, tunda na riga na karanta sau biyu. Na lallaɓa wajen mamata Yemima, ita ma 'yar zumunta ce, na tarar tana yankan kuɓewa.

"Mama, wai ya aka yi da maganar dutsen nan ne tun farko?"

"Ba kai ne mai littafi ba? Mu muna jira mu ji a bakinka."

"Ina so in gwada ki ne."

"Je ka gwada alade. Tun ɗazu yana tari kamar ya haɗiye takarda."

Na koma ɗaki na tura wa Sakatare 'yan hotunan da ke hannuna, na ce ya rubuta sharhi mai ratsa zuciya. Tsakani da Allah, ya gaya mini gaskiya. Ya ce shafuka kaɗan ya gani, ba zai iya sanin abin da ke cikin sauran ba. Raina ya ɓaci, yaro yana koya wa maigida aiki. Na rubuta masa, "Cika sauran. Irin waɗannan littattafai duk ɗaya ne, a fara da wahala a ƙare da godiya." Ya cika kuwa, har ya zuba. Na karanta sakin layi na farko, na ji tsigar jikina ta tashi. Sauran na bar shi sai a kan mumbari, don in ji daɗinsa tare da jama'a.

Ranar Asabar ɗin ƙaddamarwa da safe na ga rashin adalci ne a ce mutanen Kafanchan kaɗai za su sha wannan zuma. Akwai zauren WhatsApp na 'yan garinmu mazauna waje, na Abuja da Kaduna da Kachia da Jere. Na zuba musu sharhin gaba ɗaya, na sa sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Kafin in ɗaura taye waya ta fara rawa. Fuskoki masu hawaye sai sauka suke yi. Na ce lallai rubutu ya ratsa. Wani ya rubuto, "Wayyo! Yaushe?" Na amsa, "Yau ɗin nan, a coci. A zo da wuri, kujeru kaɗan ne." Waɗanda suka yi dogon rubutu ban bi ta kansu ba. Na sa wayar a shiru na fita.

An kafa rumfuna har bakin titi, manyan tukwane na tafasa a bayan coci. Kamar kullum, taron safe sai da rana ta take aka fara. Matan zumunta sun cika gefe guda cikin zanensu iri ɗaya, suna buga tulu suna waƙa. A babban teburi, kusa da Mama Caroline, ga wata 'yar tsohuwa ƙarama da tabarau mai kauri da sanda, ta kafe ni da ido. Hulda, wadda tun asuba take wajen girki, ta yi ta nuna mini tsohuwar da baki, alamar in je in durƙusa. Na ɗaga wa tsohuwar hannu daga nesa irin na gwamna.

Aka yi addu'a, aka yi waƙa, aka yi jawabin da ya fi waƙar tsawo. Sannan mai gabatarwa ya ce, "Ga ɗanmu na jami'a." Na hau, na buga makirfo da yatsa sau biyu, na buɗe waya.

Sakin layi na farko ya tafi sumul. Aka tafa, mamata ta yi guɗa. Na ƙara murya na shiga na biyu.

"Ba za mu manta da Baturiyar mishan, Mis Margaret, wadda ta tara matan nan a ƙarƙashin mangwaro, ta kuma ɗauki dutse na farko da hannunta ba."

Tafin ya zo ɗaiɗai. Wata tsohuwa a layin gaba ta juya. "Wane Baturiya? Ke kin gan shi?"

"Ko dai ranar ban zo ba?" in ji ta kusa da ita.

Na wuce da sauri. "Kasancewar Kafanchan garin jirgin ƙasa, a cikin taragu aka riƙa kawo musu duwatsun, su kuwa suna tarba da waƙoƙin yabo."

"Jirgi?" Wannan karon mutum biyar suka miƙe. "Da kanmu muka ɗauko daga rafi! Ga wuyana, har yau bai miƙe ba!"

"Iyaye, a yi haƙuri," na ce. "Wannan sharhi ne na ilimi, ba a katse shi."

Na kalli Mama Caroline, na ga ta cire tabarau ta ninke ta aje, na san ba lafiya. Mai hankali a nan zai ce mu rufe da addu'a. Ni kuwa na ce bari in tsallaka ƙarshe, tunda ƙarshe kullum godiya ce. Na ja waya ƙasa, bakina ya riga ƙwaƙwalwata.

"Sai dai abin baƙin ciki, uwar zumunta ta farko, marigayiya Mama Zipora, ba ta ga wannan rana ba. Ta tafi wurin Ubangiji gab da fitowar littafin, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ina roƙon mu miƙe mu yi mata shiru."

Baƙin da ba su san komai ba suka miƙe. Mai buga tulu ta bar hannunta a sama. 'Yar tsohuwar nan ta babban teburi, da ta ga ana tashi, ita ma ta dogara sanda ta miƙe, ta sunkuyar da kai. Can ta taɓa Fasto, ta yi tambaya da muryar mai nauyin kunne, wadda ta kai har rumfar waje.

"Wa ya mutu?"

Fasto ya matsa kusa da kunnenta. "Ke ce, Kaka."

"Ni? Yaushe?"

Daidai nan kururuwa ta taso daga titi. Bas ce ta tsaya, cike da mutanen Jere. Samson, ɗan Kaka Zipora, mai shagon taya a bakin hanyar Abuja, ya ga sharhina tun safe. Ya kira uwarsa ba sabis, tana hanya. Ya kira Mama Caroline, wayarta na cikin jaka. Ya ga na rubuta yau a coci. Ya kwaso dangi, da suka iso kuma suka ga rumfuna da kujeru da tukwane, shi ke nan magana ta tabbata. Mata suka sauko da itace a ka, wani da buhun masara, wani yana jan akuya. Samson, ƙaton mutum mai tumbi, ya shigo coci yana dukan ƙirji.

"Mamana! Ina aka ajiye ta? Ko ganin fuskanta ba za a bar ni in yi ba?"

Jama'a suka dare. Ya tako har gaban teburi ido rufe da hawaye, ya buɗe, ya yi arba da uwarsa tsaye tana gyara ɗankwali. Ƙarar da ya saki ban taɓa jin irinta a bakin namiji ba. Ya juya zai gudu ya yi karo da mai buhun masara. Matan Jere suka watsar da itace suka yi waje, akuya ta shige ƙarƙashin benci na mawaƙan coci.

"Samson!" Kaka ta buga sanda. "Dawo nan. Wannan akuya ne ka kawo ma bisona? Wannan mai ƙashin haƙarƙari a waje? Ni da na goye ka har ka yi haƙora?"

"Mama, sauri ne..."

"Ina Leonard? Ƙaninka bai zo ba?"

"Ya ce sai ya rufe shago."

"Yawwa. Yau na san kowa."

Fasto ya samu ya kwantar da hayaniya, ya tambayi Samson wa ya ba shi wannan labari. Samson ya ɗaga waya sama. Sunana na nan da manyan baƙaƙen da na sa da hannuna. Coci gaba ɗaya ya juyo. Daga can baya na ji muryar Levi, "Farfesa, oya supabaiz!"

Mama Caroline ba ta ɗaga murya ba, irin na tsofaffin malamai. "Bartholomew, ina littafin da na ba ka?"

Ina cikin haɗa amsa mamata ta miƙe. Ita ba ta ƙarya a coci. "Aladena ya ci, Malama. Yanzu na gane. A yi haƙuri, shi dabba ne, bai sani ba."

Dariyar da aka yi har rufin kwano sai da ya amsa. Wannan duk da sauƙi. Hulda ce ta tako da ludayi a hannu, ta tsaya gaban mumbari.

"Barto, ban rubuto maka cewa Kaka za ta zo ba? Ban ce ita za ta karɓi mutanenku ba?"

"Na ga... taƙaitawar."

"Wace taƙaitawa?"

Na soma tura wayar cikin aljihu. Ta dubi wayar, ta dube ni.

"Saƙona ma mashin kake ba?"

Makirfo yana kunne, kowa ya ji. Nan ne kunya ta gaske ta kama ni. Na ga idonta ya ciko, na tabbatar na rasa ta, kuma ba wanda ya jawo mini sai ni.

Kaka Zipora ta yafito ni da sanda. Na sauko na durƙusa, kwat da taye da komai.

"Kai ne ka kashe ni?"

"Kuskure ne, Kaka."

"Yaya na mutu? Na sha wahala?"

"A'a, Kaka. Gajeriyar rashin lafiya."

"To, na gode da wannan. Kai ne kuma mai son Hulda?"

"Ni ne."

Ta juya wajen jama'a. "Ku ji fa. Wai mutanensa za su kawo gaisuwa. Wa zai karɓa? Gawa ba ya karɓan gaisuwa." Ta zunguri kafaɗata. "Kai ka kashe, kai za ka tayar. Idona ya mutu, ban iya karanta abin da Caroline ya rubuta a kaina ba. Za ka zo Zangon Kataf ka karanta mini shi da bakinka, daga farko har ƙarshe. Ranar da ka gama, na tashi. Sai mu yi maganar aure."

Matan zumunta suka ɗauki tulu suka buga, aka yi guɗa kamar an yanke shari'a. Mutanen Jere tunda sun riga sun zo suka zauna suka ci shinkafa, akuyar makoki ta shiga tukunyar biki. Littafi kuwa ko ɗaya bai saura a kwali ba, kowa yana so ya duba ko yana da rai a ciki. Mama Caroline ta ce ba ta taɓa ganin sharhin da ya yi wa littafi amfani irin nawa ba, amma ba ta yi murmushi ba da ta faɗa.

Tun daga nan kowace Asabar ina cikin motar Zangon Kataf. Da na isa Kaka ke karɓe wayata ta jefa a kwanon gero ta rufe. In zauna a kujerar tsugunno in buɗe littafi. Ashe idona ya manta hanya. In kama layi, kafin in kai ƙarshensa ido ya zame ƙasa yana neman inda aka ce "a taƙaice". In dawo, in sa yatsa ina bi, ni da na zagi masu bin layi da yatsa. Ga Kaka kuma ba ta bari a wuce shafi lafiya. Da na karanta suna sai ta ɗaga sanda.

"Tsaya. Caroline bai faɗa duka ba. Wannan mata, mijinta ne ya faɗa rafi da keken Fasto."

Daga nan sai labarin keke, da na mai keke, da na wanda ya tsamo keke. Rana ta faɗi muna shafi ɗaya. An haƙe citta, an yanka, an shanya, 'yan Kachia sun zo sun kwashe, ni ina babi na uku. Abin haushi, na fara son in ji yadda aka ƙare da rufin cocin, har na kan tsinci kaina ina tunaninsa a mota.

Hulda ta koma amsa gaisuwata, amma da kalma ɗaya ɗaya. Ran nan na tare ta a bakin famfo na roƙe ta ta sa baki a rage mini hanya.

"Ni ba ruwana," ta ce. "Kai da ka iya, ka ce mata ta taƙaita maka."

Na ɗauka shawara ce. Asabar da ta biyo, da Kaka ta ɗaga sanda za ta shiga labarin wata mai tuya, na tattara ƙarfin hali.

"Kaka, don Allah, ba za a ɗan taƙaita ba?"

Ta cire tabarau ta goge da bakin zani, ta mayar, ta daɗe tana kallona.

"Yaro, an riga an taƙaita ni sau ɗaya, sai da na kai kabari. Koma farkon babi."